Kimiyya a Ƙarƙashin Matakala: Yadda Ake Tsara Ƙaramin Banɗakin Ƙasan Bene

Gabatarwa

A gidajen bene na ƙasar Ingila akwai wani ɗan ɗaki da ba a cika ba shi muhimmanci ba. Yawanci yana kusa da ƙofar shiga gida, ko kuwa a ƙarƙashin matakala, kuma babu abin da ke cikinsa sai masai mai ruwa da ƙaramin kwamin wanke hannu. Ba a wanka a cikinsa. An yi shi ne domin baƙi, da tsofaffi, da yara, da duk wanda hawan bene zai zame masa wahala. Tun daga shekarar 1999 dokokin gini na Ingila da Wales suka wajabta cewa kowane sabon gida ya kasance da masai a hawan da ake shiga gidan. Babban dalilin dokar shi ne a sauƙaƙa wa naƙasassu da masu yawan shekaru.

Wannan ɗan ɗaki, duk da ƙanƙantarsa, ya tattara darussa da dama na kimiyya: lissafin fili da kusurwa, da nauyin ruwa, da matsin iska, da kuma yadda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa. Idan aka tsara shi daidai, ba wanda zai tuna da shi. Idan kuwa aka yi kuskure, to wari da danshi da cuta su ne za su riƙa tunatar da mutanen gida kullum. Da yake gidajen bene masu banɗakin baƙi a ƙasa sun yawaita a biranenmu, yana da kyau ɗalibai su fahimci ƙa'idojin da magina ke bi, da kuma dalilan da suka sa aka kafa su.

Taƙaitaccen tarihi

A shekarar 1596 wani Bature mai suna John Harington, wanda ke kusa da fadar Sarauniya Elizabeth ta Ɗaya, ya bayyana tsarin masai mai tankin ruwa da ke wanke ƙazanta. Tsarin nasa bai karɓu ba a lokacin. Baya ga ƙarancin ruwan famfo, akwai wata matsala da ba a warware ba: bututun da ke fitar da ƙazanta shi ne kuma ke dawo da warinta cikin ɗaki.

Sai a shekarar 1775 wani maƙerin agogo ɗan Sikotland da ke zaune a Landan, mai suna Alexander Cumming, ya yi rajistar masai mai lanƙwasasshen bututu a ƙarƙashinsa. Lanƙwasar tana riƙe ɗan ruwa bayan an kora, ruwan kuma ya toshe wa wari hanya. Wannan dabara ce ta ba mutane damar shigo da masai cikin gida. Amma duk da haka, har ƙarni na 20 gidajen talakawa da yawa a Ingila masansu na can bayan gida ne a tsakar fili, sai daga baya aka riƙa shigo da shi ciki. A tsofaffin gidajen da ba a gina da wurin masai a ƙasa ba, sau da yawa ƙarƙashin matakala ne kaɗai sararin da ake samu.

Lissafin fili

Abu na farko da mai tsara gini ke aunawa shi ne jikin ɗan'adam. Masan zama yakan fito daga bango kimanin santimita 65 zuwa 70, tsayin mazauninsa daga ƙasa kuma kimanin santimita 40 ne. Ƙa'idar Ingila ta nemi a bar fili na santimita 75 a gaban masan, wanda kwamin wanke hannu ba zai tare shi ba. Idan muka haɗa 70 da 75 za mu sami santimita 145, wato tsawon ɗakin ya kamata ya kusa mita ɗaya da rabi. Ta fuskar faɗi kuwa, ƙa'idar ta nemi aƙalla santimita 45 daga tsakiyar masan zuwa kowane gefe, wanda ya kama santimita 90 ke nan. Wannan ya ba mutum damar juyawa da motsa gwiwar hannu ba tare da ya goga bango ba.

Ƙarƙashin matakala yana da wata matsala ta daban, domin rufinsa a karkace yake. A Ingila ba a yarda karkatar matakalar gida ta wuce digiri 42 ba. Ɗaliban lissafi sun san cewa a wannan kusurwa, duk mita ɗaya da aka yi gaba, rufin yakan ɗaga da kimanin santimita 90. Bari mu ɗauka an jingina tankin masan da bango a wurin da tsayin rufin yake mita 1.2. A bakin masan, wato santimita 70 daga bangon, tsayin zai zama 1.2 a tara da 0.63, wanda ya ba da mita 1.83. Idan aka ƙara santimita 20 gaba, inda mutum zai tsaya, tsayin ya kai mita 2. Saboda haka ne ake sanya masan a ɓangaren da rufin ya yi ƙasa, tunda a zaune ake amfani da shi, a kuma sanya kwamin wanke hannu da ƙofa a ɓangaren da ya fi tsayi, inda ake tsayuwa. Wanda ya juya wannan tsari, kansa ne zai biya kuɗin kuskuren.

Ƙofa ma tana da tata hikima. Ƙa'idar ta ce ta riƙa buɗewa waje. Dalili na farko shi ne ƙofar da ke buɗewa ciki takan cinye kusan duk filin da ke gaban masan. Dalili na biyu ya fi wannan nauyi. Idan tsoho ko majinyaci ya yanke jiki ya faɗi a ɗan ɗakin nan, jikinsa zai tokare ƙofar da ke buɗewa ciki, masu kai masa ɗauki su rasa hanyar shiga. Don haka ne kuma ake son makullin da za a iya buɗewa ta waje idan buƙatar gaggawa ta taso.

Kwamin wanke hannu kan kasance kimanin santimita 80 zuwa 85 daga ƙasa. A ƙaramin ɗaki ana amfani da siriri wanda ake kafawa a bango, ko mai kusurwa uku da ke shiga lungu. A ƙasar Japan, inda gidaje ke da ƙarancin fili, akwai masan da aka ɗora kwamin a kan tankinsa. Ruwa mai tsabta yana zubowa ta famfo a wanke hannu, sa'an nan ya gangara cikin tanki a yi amfani da shi wajen kora ta gaba.

Ruwan da ke gadin gida

Duk wanda ya leƙa cikin masai mai ruwa zai ga ɗan ruwa kwance a ƙasansa, wanda ba ya tafiya. Haka nan a ƙarƙashin kwamin wanke hannu akwai bututu mai lanƙwasa kamar harafin U, ko mai kama da kwalba. Wannan shi ake kira tarkon ruwa. A can cikin bututun ƙazanta da ramin sokawe, ƙwayoyin bakteriya na ruɓar da najasa, suna fitar da iska iri-iri. Daga ciki akwai mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, wadda ke da guba idan ta yi yawa, akwai kuma wadda ba ta da wari amma tana kama wuta. Ruwan tarkon nan shi ne katanga tsakanin wannan iska da mutanen gida. Yana kuma hana kyankyasai da ƙudaje hawowa.

Ƙa'idar Ingila ta sa zurfin ruwan tarkon masai ya zama milimita 50, na kwamin wanke hannu kuma milimita 75. Domin mu ga ƙarfin wannan katanga, sai mu yi amfani da ƙa'idar matsin ruwa: a ninka nauyin ruwa a kowace mita kubik, wato kilogiram 1,000, da ƙarfin jan ƙasa, 9.8, da zurfin ruwan, mita 0.05. Amsar ita ce kimanin fasikal 490. Matsin iskar da ke kewaye da mu kuwa ya kai kimanin fasikal 101,000. Ashe katangar tamu ba ta wuce kashi ɗaya cikin 200 na matsin iskar duniya ba. Ɗan canji kaɗan a cikin bututu ya isa ya rushe ta.

Hanyoyi biyu ne tarkon ya fi lalacewa. Ta farko ita ce zuƙa. Mai karatu ya taɓa ganin yadda ake tsotso fetur daga tankin mota da tiyo: da zarar tiyon ya cika, man da ke gangarowa shi ke jawo na bayansa. Haka yake faruwa a bututun gida. Idan aka kora masan da ke saman bene, ruwan yakan sauko da gudu cikin bututun da ke tsaye, ya ja iska a bayansa, matsin da ke cikin bututun ya ragu, sai a zuƙe ruwan tarkon da ke kusa. A gindin bututun kuwa akasin haka ke faruwa. Ruwan yakan danne iskar da ke gabansa, matsi ya ƙaru, iskar ta kutsa ta cikin tarkon tana ɓulɓuli. Banɗakin ƙasan bene yana kusa da wannan gindi, shi ya sa ake nisanta mahaɗinsa daga lanƙwasar gindin bututun. Babban maganin duka biyun shi ne bututun shan iska, wanda ake miƙawa har ya wuce rufin gida, a bar bakinsa a buɗe da 'yar raga. Ta nan iska ke shiga da fita, matsin ciki ya daidaita da na waje. A Ingila, idan bakin bututun yana cikin mita 3 da wata taga, dole ne ya ɗara ta tsayi da aƙalla santimita 90.

Hanya ta biyu ita ce bushewa. Ruwan tarko yana tashi ya bi iska kamar kowane ruwa. Banɗakin baƙi na iya yin makonni ba a shige shi ba, kuma a ƙasashenmu zafi da busasshiyar iskar hunturu suna gaggauta bushewar. Wanda ya dawo daga doguwar tafiya ya tarar da gidansa yana wari, sau da yawa abin da ya faru ke nan.

Darasi daga Hong Kong

Kada a ɗauka illar busasshen tarko ta tsaya ga wari. A watan Maris na shekarar 2003, lokacin annobar cutar numfashi ta SARS, fiye da mutum 300 suka kamu a wani rukunin dogayen benaye mai suna Amoy Gardens a Hong Kong, mutum 42 suka rasu. Binciken gwamnatin Hong Kong da na Hukumar Lafiya ta Duniya ya gano cewa tarkunan ruwa na magudanar daɓen banɗakuna da yawa sun bushe, domin mazauna gidajen goge daɓen suke yi, ba sa kwara masa ruwa. Wani majinyaci mai gudawa ya yi amfani da masai a ɗaya daga cikin benayen, ƙwayoyin cutar suka shiga babban bututun ƙazanta. Fankokin da ke zuƙe iska daga ƙananan banɗakuna, alhali ƙofofinsu na rufe, sai suka riƙa jawo gurɓatacciyar iska daga bututun ta cikin busassun tarkunan.

Darasin a bayyane yake. Kofi biyu na ruwa da za a zuba a magudanar daɓe sau ɗaya a mako sun isa su tsare wannan hanya. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.

Gangaren bututu

Ƙazanta ba ta da injin da ke tura ta sai nauyinta da na ruwa. Bututun masai yana da faɗin kimanin milimita 100, na kwamin wanke hannu kuma milimita 32. Dole a shimfiɗa su da gangara. Magina sun saba da gangaren ɗaya cikin 40 ga bututun da ke ƙarƙashin ƙasa, wato a kowace mita ɗaya bututun ya sauka da milimita 25. Idan nisan masan zuwa ramin duba bututu mita 6 ne, ƙarshen bututun zai yi ƙasa da farkonsa da milimita 150. Idan gangaren ya gaza, ruwa zai yi ta jan ƙafa, daskararren abu ya kwanta a hanya, bututu ya toshe.

Wannan shi ne abin da ya fi wahalar da masu son ƙara banɗaki a tsohon gida. Matakala kan kasance a tsakiyar gida, nesa da bangon waje, kuma masan yana daidai da ƙasa, babu tsayin da za a ci moriyarsa. Ko dai a fasa daɓe a haƙa, ko a sa na'urar da ke niƙa ƙazanta ta tura ta cikin siririn bututu. Na'urar da lantarki take aiki, saboda haka ba ta dace da inda wuta ke yawan ɗaukewa ba. Mafi sauƙi shi ne tun a takardar zanen gida a sanya banɗakin ƙasa daidai ƙarƙashin na sama, ko a jikin bangon waje.

Inda bututun ya ƙare ma abin lura ne. A shekarar 1854 cutar kwalara ta kashe fiye da mutum 600 a unguwar Soho ta Landan. Likita John Snow ya bi diddigin mace-macen ya danganta su da famfon rijiyar titin Broad, daga baya kuma aka gano cewa wani ramin ƙazanta da ke dab da rijiyar yana yoyo cikinta. A yawancin garuruwanmu ƙazantar gida sokawe take shiga, ruwan sha kuma rijiya ko burtsatse ne. Shawarar da masana tsabtar muhalli suka fi bayarwa ita ce a bar tazarar mita 30 tsakanin ramin ƙazanta da rijiya, kuma ramin ya kasance a ɓangaren da ƙasa ta gangara.

Iska da haske

Banɗakin ƙarƙashin matakala sau da yawa ba shi da taga. A irin wannan hali ƙa'idar Ingila ta nemi a sa fanka mai zuƙe aƙalla lita 6 na iska a kowace daƙiƙa, ta fitar da ita wajen gida, kuma ta ci gaba da aiki na minti 15 bayan an fita. Bari mu gwada lissafin. Ɗaki mai faɗin mita 0.9, da tsawon mita 1.5, da tsayin mita 2.4, yana ɗauke da iska lita 3,240. A raba wannan da 6, a sami daƙiƙa 540, wato minti 9. Cikin minti 15 kuwa fankar za ta fitar da lita 5,400, fiye da cikin ɗakin sau ɗaya da rabi.

Amma fanka ba za ta fitar da iska ba sai wata ta maye gurbinta. Saboda haka ake barin rata ta kimanin milimita 10 a ƙarƙashin ƙofa. Idan aka toshe wannan rata, fankar za ta nemi iska ta duk inda ta samu, kamar yadda muka gani a Hong Kong.

Ta fuskar haske, farin fenti da fararen tayil suna mayar da mafi yawan hasken da ya sauka a kansu, baƙi kuwa yana shanye shi. Madubi yana nuna hoton abu a bayansa daidai nisan da abin yake a gabansa, don haka babban madubi a saman kwamin kan sa ido ya ga ɗakin kamar ya ninka faɗinsa. Makunnin fitila kuwa gara ya kasance a wajen ɗakin, domin jiƙaƙƙen hannu yana sauƙaƙa wa lantarki ratsa jiki.

Ruwa da tsabta

Tsofaffin tankunan masai a Ingila suna zubar da lita 9 a kowace kora. Daga shekarar 2001 doka ta ƙayyade sababbi kada su wuce lita 6. Akwai kuma masu maɓalli biyu, ɗaya na ruwa kaɗan ɗaya na cikakke, tsarin da wani kamfani a Ostireliya ya fito da shi a shekarar 1980. Alal misali, gidan da ake kora masai sau 20 a yini zai yi amfani da lita 180 da tsohon tanki, ko lita 120 da sabo. Bambancin lita 60 ne kullum, wato jarka uku masu cin lita 20, ko lita 21,900 a shekara. Mai sayen ruwa a wurin 'yan garuwa ya san darajar wannan.

Kwamin wanke hannu shi ne matakin ƙarshe na yanke hanyar da ƙwayoyin kwalara da taifot da atuni ke bi daga najasa zuwa baki. Kowace ƙwayar sabulu tana da kai biyu, ɗaya mai son ruwa, ɗaya mai son maiƙo. Mai son maiƙon yana kama dauɗar da ƙwayoyin cuta ke maƙale a ciki, ɗayan kuma ya ja ta ta bi ruwa. Aikin yana buƙatar kimanin daƙiƙa 20 na cuɗawa. Idan kwamin yana cikin ɗakin, mutum zai wanke hannu kafin ya taɓa mariƙin ƙofa. Ƙa'idar Ingila ba ta ɗauki kwamin wanke kwanuka na ɗakin girki a madadinsa ba, kuma ta nemi ƙofa ta raba masai da wurin dafa abinci.

A nan akwai bambanci guda da ya kamata maginanmu su lura da shi. Mutanen Ingila da takarda suke tsarki, daɓen banɗakinsu a bushe yake zama. Mu kuwa da ruwa da buta muke yi. Don haka wanda ya kwafo tsarinsu ba tare da gyara ba zai sami ɗaki mai kwantar da ruwa. Namu yana buƙatar famfo a ƙasa-ƙasa kusa da masan domin cika buta, da daɓe mai ɗan gangara zuwa magudana mai tarkon ruwa, da tayil mai kaushi wanda ba ya santsi, da kuma ɗan tudu a bakin ƙofa da zai hana ruwa fita falo. Har ila yau, masu gida da yawa kan nemi a juya masan yadda ba zai fuskanci alƙibla ko ya ba ta baya ba, kuma a ɗaki mai faɗin santimita 90 wannan abu ne da ake yankewa tun a takardar zane.

Gwaji domin aji

Malami zai iya nuna aikin tarkon ruwa da kayan da ba su da tsada. A sami tiyo mai haske, wanda ake ganin cikinsa, tsawon mita ɗaya. A lanƙwasa tsakiyarsa kamar harafin U, a zuba ruwa mai launi har ya cika lanƙwasar. A sa yankakkiyar albasa a cikin kwalba, a cusa baki ɗaya na tiyon a ciki, a toshe gefensa da tsumma. Ɗalibai su shinshina ɗaya bakin, sa'an nan a zubar da ruwan su sake shinshinawa. Bayan haka a mayar da ruwan, a cire kwalbar, ɗalibi ɗaya ya hura iska a hankali, sauran su auna da ma'auni santimita nawa ruwan ya motsa kafin iska ta fara ɓulɓulowa. A ƙarshe a ajiye tiyon a inuwa, a riƙa auna raguwar ruwan kowane mako, a kwatanta sakamakon lokacin damina da na hunturu.

Kammalawa

Mun ga cewa ɗakin da bai kai mita murabba'i ɗaya da rabi ba yana buƙatar a auna jikin mutum, da kusurwar matakala, da zurfin ruwan tarko, da gangaren bututu, da yawan iskar da ke shiga da fita. Kowace ƙa'ida daga cikinsu tana da dalili, wasu kuma sai da aka yi asarar rayuka kafin aka fahimce su. Muna fata ɗalibai za su duba banɗakunan gidajensu da na makarantunsu, su ga ko akwai ruwa a tarkon magudana, ko bututun shan iska ya wuce rufi, da kuma ko akwai sabulu a wurin wanke hannu. Abin da suka gano su kai wa malamansu domin a tattauna a aji.